Bayan Hafsa ya karkace, tela ce ta fara gani

Maman Hafsa, Aboabo
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah kada a mayar da maganar abin tsegumi. Jiya na kai Hafsa awon kayan Sallah wajen tela a Alabar, nan Kumasi. Shekararta 12. Telar ta ja tef daga kafaɗar dama zuwa ƙasa, ta ja ta hagu, ta sake ja, sai ta ce wa yarinyar ta bar wasa ta miƙe sosai. Hafsa ta ce ai a miƙe take. Matar ta yi shiru, ta ja ni gefe ta ce in na koma gida in cire mata riga in dubi bayanta da kyau. Da daddare na duba. Wallahi kafaɗar dama ta fi ta hagu tashi, allon kafaɗar ya turo waje kamar an cusa wani abu a ƙarƙashinsa, ƙugunta kuma gefe guda ya lotsa, ɗayan a miƙe. Ba ta jin ciwo ko kaɗan. Tana cin abincinta, tana zuwa boko, tana zuwa makarantar allo. Ni na haife ta, ni nake mata kitso, amma ban taɓa lura ba. Tun da ta fara wanka da kanta ta shiga hijabi rabona da ganin gadon bayanta. Jiya ban runtsa ba. Mene ne wannan, kuma ina zan dosa da ita?

Alhaji Direba
Wa alaikumus salam. Allah ya yaye. Hajiya, tana talla? Tana ɗebo ruwa? In dai tana ɗora kaya a ka, kin sami amsarki. Akwai wani tsohon maɗori ta wajen Tafo, shi ya haɗa mini ƙafa lokacin da na yi hatsari a hanyar Tamale, ga ni yau da ita nake taka kuloci lafiya lau. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ki kai ta ya miƙar da ita tun ƙashin bai ƙosa ba.

Ticha Mariya
Ni jakar makaranta nake zargi. Yaro ɗan firamare da littattafai kamar zai yi hijira, kuma a kafaɗa ɗaya suke ratayawa don gayu. Ga zaman benci a duƙe tun safe.

Magajiya, Yalwa
'Yata, da kin kira ni a waya da ya fi. 'Ya mace ce fa. Zangon nan namu tafin hannu ne, magana in ta fita ba ta komawa. Gobe wani ya zo neman aurenta a rada masa cewa mai ƙusumbi ce. Ki karɓo rubutu ki ba ta, ki riƙa tofi a man kaɗanya kina shafa mata. Abin da ya zo dare ɗaya, ba ciwo ba zazzaɓi, sau da yawa iska ce.

Maman Hafsa, Aboabo
Alhaji, ba ta talla, famfo kuma a tsakar gida yake. Mma Magajiya na ji maganarki, amma in na yi shiru wa zai faɗa mini abin yi?

Sista Rabi, Asawase
Maman Hafsa, ki kwantar da hankalinki, kin yi daidai da kika tambaya. Aikina gashin ƙashi a asibiti, irin yaran nan suna biyowa ta hannunmu. Ba zan iya yanke abin da ke damun Hafsa ta waya ba, amma abin da kika kwatanta ya yi kama da wanda likitoci ke kira sikoliyosis: ƙashin baya ya karkata gefe, in an kalle shi ta baya ya yi kamar lauje, wani kuma ya yi lanƙwasa biyu kamar tafiyar maciji. Kuma ba karkata kaɗai yake yi ba, har da murɗewa, kamar yadda kike murɗe zane ki matse ruwa. Haƙarƙari a jikinsa suke manne, to in ya murɗe sai ya ja su, na gefe guda su turo baya su ɗaga allon kafaɗa. Shi ne abin da kika gani kamar an cusa wani abu.

Mma Magajiya, ki yi mini afuwa, amma ba dare ɗaya ya zo ba. Sannu a hankali yake tafiya, sai yaro ya shiga shekarun da yake zabura da tsawo, daga 10 zuwa sama, sannan ya ƙara mai. Rashin ciwon ma halinsa ne, shi ya sa yake shammatar iyaye. Wajen yara 2 zuwa 3 cikin 100 a wannan shekarun suna da shi, mafi yawa ɗan kaɗan ne da ba ya buƙatar komai sai sa ido. Kusan 8 cikin 10 ba a gano musababbinsa, illa dai yakan bi dangi, kuma a 'ya'ya mata ya fi yin nisa.

Ga abin da za ki yi yau da rana, a ɗaki mai haske, daga ke sai ita. Ta cire riga, ta tsaya ba takalmi, ƙafafu a haɗe, gwiwoyi a miƙe. Ta sunkuya kamar za ta yi ruku'u, amma kada ta dafa gwiwa: ta haɗa tafin hannuwanta ta sake su suna reto. Ke kuma ki tsaya ta bayanta, ki rage tsawo har idonki ya zo daidai da gadon bayan. Lafiyayyen baya gefe biyun daidai suke. In gefe guda ya yi tudu, ki lura wanne ne, kuma a sama yake wajen haƙarƙari ko ƙasa wajen kwankwaso. Wani likitan Ingila, William Adams, ya bayyana wannan gwajin tun 1865, har gobe da shi muke farawa.

Maman Hafsa, Aboabo
Na gwada. Innalillahi. Tudu ne sosai a dama, ta sama. Don in tabbatar ba idona ba ne, na ɗora tiren shayi a bayanta tana sunkuye, sai ya zame ta hagu. Ga hoton nan.

Mai kula da zaure
Hajiya, na goge hoton. Mu sama da ɗari biyu ne a nan, maza da mata, kuma ba mu da iko da wayar kowa. In Sista na son gani ki tura mata ita kaɗai.

Alhaji Direba
Sista, ina girmama karatunki, amma ido ba ya ƙarya. Je ki kasuwar Kejetiya ki ga 'yan kayaye, yarinya ƙarama da buhun albasa a ka, wuya ya nutse, baya ya gantsare. Ki ce mini kaya ba ya lanƙwasa mutum?

Sista Rabi, Asawase
Baba Alhaji, kaya yana yi wa 'yan kayaye illa, ba musu. Ciwon wuya, ciwon kwankwaso, ciwon kai, kullum muna ganinsu da shi. Amma wannan murɗewar daban ce. Da gammo ke kawo ta, da rabin matan Kumasi a karkace suke. Jakar makaranta ma haka, Ticha: tana sa ciwon baya, tana sa yaro ya riƙa tafiya a jirkice, amma in ya sauke ta ya sunkuya, bayansa ya koma daidai. Nan ne bambancin. Karkatar da ta zo daga mugun zama, ko daga ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, tana ɓacewa in mutum ya zauna ko ya sunkuya. Shi ya sa a asibiti ake auna tsawon ƙafafun biyu, wani lokaci a sa ɗan katako a ƙarƙashin gajeriyar a ga ko ƙugu zai daidaita. Wadda take cikin ƙashin kanta kuwa, sunkuyawa ƙara fito da ita take yi. Tiren Maman Hafsa ya riga ya ba da shaida.

Maganar maɗori: ɗori na abin da ya karye ne. Nan babu karaya. Ba abin da zai haɗa, kuma dannawa ba ta warware murɗewar.

Baban Abdul, Sawaba
Ku bari in sa baki, don ni na sha wannan ruwan, ko da yake namu ba irin na Hafsa ba ne. Abdul yana da shekara 6 ya daina wasan ƙwallo. Muka ce ƙiwa ce. Sai muka ga in abu ya faɗi ƙasa ba ya sunkuyawa, tsugunnawa yake yi da baya a sandare kamar tsoho, ya dafa cinya ya tashi. Da yamma jiki ya yi zafi, da dare ya jiƙe da gumi, ya farka yana kuka. Ya rame har wandonsa na makaranta yana zamewa. Wata huɗu muna zarya wani ƙaramin asibitin kuɗi, kullum maleriya, kullum maganin ciwon jiki. Ba wanda ya taɓa ɗaga masa riga. Uwarsa ce tana masa wanka ta ji wani ƙullutu a tsakiyar baya, mai tsini, kamar gaɓar yatsa in ka dunƙule hannu. Muka kai shi wajen mai ɗori. Da mutumin ya ɗora babban yatsa ya danna, ihun da yaron nan ya yi har yau yana kunnena. Bayan mako biyu ƙafafunsa suka fara rawa, yana tuntuɓe a fili.

A babban asibiti suka ɗauki hoto, suka sa shi a na'urar MRI mai leƙa cikin jiki. Likita ya tambaye ni, akwai mai tari a gidanku? Na ce mahaifina, ya kusa shekara yana yi, muna cewa tsufa ne. Ashe tibi ne, wato tarin fuka, ya bar huhun tsoho ya shiga ƙashin bayan jika, ya cinye gaɓoɓi biyu suka rufta kan juna. Shekara guda cur Abdul yana shan magani, kuma maganin tibi kyauta ne a asibitin gwamnati, ban biya ko sidi ɗaya a kansa ba. Yanzu yana gudu, alhamdu lillahi, amma ƙullutun yana nan, da shi zai girma. Alhaji, maɗorinka ya yi maka rana, ban ƙi ba. Amma bayan yaro, a fara ɗaukar hoto kafin kowa ya ɗora masa hannu.

Alhaji Direba
Subhanallahi. Allah ya ƙara masa lafiya. Wannan kam ban san da shi ba.

Sista Rabi, Asawase
Na gode Baban Abdul, ka faɗi abin da ya fi nawa shiga kunne. Mu a Hausa kusan duk lanƙwasar baya doro ko ƙusumbi muke cewa, alhali iri-iri ne. Na Abdul gaba ya rusuna, da tsini a wuri guda, ga ciwo ga zazzaɓi ga rama. Tibin ƙashin baya ke nan, wanda likita Percivall Pott ya bayyana a 1779, kuma a ƙasashenmu duk likitan kirki sai ya kawo shi a ransa. Akwai doron samartaka, wanda bayan ke yin zagaye ta sama. Akwai na tsofaffi, musamman mata, idan ƙashi ya yi taushi. Akwai wanda aka haifi yaro da shi saboda wata gaɓa ba ta ƙeru daidai ba tun a ciki, akwai kuma wanda ke biyo bayan shan inna ko wata lalurar jijiya. Na Hafsa, yadda aka kwatanta, gefe ya yi.

Maman Hafsa, likita zai yi miki tambayoyi, ki tafi da amsarsu a shirye. Tana farkawa da ciwon baya da dare? Ƙafa na mata sanyi ko nauyi? Fitsari ya taɓa kufce mata bayan ta girma? Akwai tabo-tabo masu launin shayi da madara a fatarta? Akwai mai irin wannan a danginki ko na babanta? Ta fara al'ada, in ta fara yaushe? In akwai ciwon dare ko raunin ƙafa, ko tudun a hagu yake, ko yaro bai kai shekara 10 ba, to ba a tsayawa a hoton ƙashi, sai an leƙa laka da MRI.

Maman Hafsa, Aboabo
Duk babu, sai dai ƙanwar babanta kafaɗarta a karkace take, mu muna ɗauka tsayuwarta ce haka. Al'ada kuma ba ta fara ba. Wannan alheri ne ko?

Sista Rabi, Asawase
Yana nufin tsawo mai yawa yana gabanta, karkatar kuma da tsawo take tafiya. Don haka kada ki jinkirta. Ki ɗauki katin inshorarta ki fara da asibitin da kuke zuwa, su ba ki takardar turawa zuwa sashen ƙashi a Gii, wato babban asibitin Komfo Anokye.

Ɗan Nima, Ankara
Salamu alaikum mutanen Kumasi. Ina bin maganar tun safe. Ƙanwata ta bi wannan hanyar, don haka ga ɗan abin da na koya a bencin asibiti. Duk abin da ido ya gani, sai an mayar da shi lamba kafin likita ya yanke shawara. A hoton, yana nemo gaɓar da ta fi kowacce karkata ta sama da wadda ta fi karkata ta ƙasa, ya ja layi a kan kowacce, ya auna kusurwar da suka haɗa. Sunanta kusurwar Cobb, sunan likitan Amurka da ya tsara awon a 1948. In ba ta kai digiri 10 ba, ba a ma kiranta cuta. Ƙasa da 25 galibi sa ido ne, a dawo bayan wata huɗu zuwa shida a sake hoto. Daga 25 zuwa wajen 40 ko 45, in yaro yana kan girma, sai rigar roba mai tauri da ake ƙera wa jikinsa. In ta haura 45 zuwa 50 ake fara zancen tiyata.

Tamu sai da ta kai 60 da wani abu kafin mu farga, don ita ma hijabi da kunya sun rufe. A FOCOS aka yi mata aiki, asibitin ƙashi da ke Pantang, bayan unguwar Madina a nan Ankara (Accra). Wanda ya kafa shi ɗan garinku ne, Farfesa Oheneba Boachie-Adjei, haifaffen Kumasi. Ya yi shekaru yana shugabantar sashen wannan cutar a wani babban asibitin ƙashi a New York, ya kafa gidauniyar FOCOS a 1998, asibitin ya buɗe a 2012. Na ga yara daga Habasha a can, wasu an ɗaura musu zoben ƙarfe a ka ana jan su sama da nauyi na makonni don bayan ya saki kafin a yi aiki, suna yawo a farfajiya suna dariya abinsu. Ranar farko kasa cin abinci na yi. Ba cewa nake kowa ya hau mota ya taho Ankara ba, kuna da likitocin ƙashi a Komfo Anokye. Amma tiyatar baya ba ƙaramin kuɗi ba ce, mun sayar da fili. Da a 30 muka kama ta, wataƙila da riga ta wadatar.

Ticha Mariya
Wai don Allah me ya sa muke ce wa Komfo Anokye Gii? Tun ina yarinya nake ji.

Alhaji Direba
Wannan kam fannina ne. Sunan 'yan kwangilar da suka gina shi ne zamanin Turawa, Gee, Walker da Slater. Mutane suka ɗauki na farkon suka bar sauran.

Mai Maganin Gargajiya
Akwai haɗin sassaƙe da man shafawa na miƙar da ƙashin baya cikin kwana 21 da yardar Allah. Mai bukata ya biyo ni ta akwatin sirri, ana turawa ko'ina, biya ta momo.

Mai kula da zaure
Malam, nan ba kasuwa ba ce. Gargaɗi na farko kuma na ƙarshe.

Malam Sani, Aboabo
Hafsa ɗalibata ce, Allah ya ba ta lafiya. Mma Magajiya, addu'a ba ta hana asibiti, asibiti bai hana addu'a. Ya tabbata a hadisi cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani. Wani ya tambaye ni a gefe game da buɗe bayan yarinya gaban likita namiji. Lalura ce, kuma uwarta na tsaye a wurin. In akwai mace a nemi mace. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yara mata sama da arba'in ke zama gabana kullum, ba zan taɓa gane wannan ba, kuma bai kamata ni in gane ba. Aikin iyaye mata ne a cikin ɗaki.

Magajiya, Yalwa
To Malam, na ji. Ni dai tambayata ɗaya, Sista ki faɗa mini gaskiya tsakaninki da Allah. Mai irin wannan tana haihuwa?

Sista Rabi, Asawase
Tana haihuwa, Mma. Yawancinsu suna ɗaukar ciki su haihu kamar kowa, har waɗanda aka yi wa aiki. Abin da muke tsoro shi ne a bar shi ya yi nisa sosai, ƙirji ya matse, huhu ya rasa wurin buɗewa.

Maman Hafsa, Aboabo
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri da shiruna na kwana tara, zirga-zirga ce. Bari in fara da kuskurena don wata ta kiyaye. Na ga layin asibiti zai ci mini lokaci, sai na yi wayo na fara biyawa wani wurin ɗaukar hoto na kuɗi. Suka kwantar da ita a gado suka ɗauki ɗan guntun baya, suka karɓi kuɗina. Da na miƙa wa likitan ƙashi, ko minti ɗaya bai yi yana kallo ba ya turo mini abina. Ya ce a tsaye ake ɗauka, domin in an kwanta nauyin jiki ya sauka, karkatar ta ragu, lambar ta yi ƙarya. Kuma dole hoton ya kamo tun daga wuya har ƙugu, ɗaya ta baya ɗaya ta gefe. Kuɗi sun tafi a banza.

Kafin sabon hoton ya sa ta sunkuya irin yadda Sista ta ce, ya ɗora wani ɗan ma'auni kamar na magina a kan tudun. Ya sa ta taka da dugadugai, ta taka da yatsu, ya ƙwanƙwasa gwiwoyinta, ya shafa gefen cibiyarta da bayan biro, ya auna tsawonta ya rubuta. Da hoton ya fito ya ja layukansa a kwamfuta ya ce 29. Ya nuna mini saman ƙashin ƙugu ya ce a nan suke karanta sauran girman yaro, daga sifili zuwa 5, ita tana sifili. Ya ce riga za a yi mata, ta sa awa 18 a yini, har ta gama tsawo.

Yanzu rigimar a gida take. Babanta ya ce yarinya ba ta ciwo, don me za a ɗaure ta cikin roba a zafin nan? A bari ta girma ta miƙe da kanta. Hafsa kuma kuka take, wai ƙawaye za su yi mata dariya.

Alhaji Direba
Ni fa na fahimci babanta. Awa 18! Ko mota ba a ba ta wuta haka. Kuma hoto kan hoto, ba a ce hasken nan yana illa ba?

Sista Rabi, Asawase
Baba Alhaji, shi ya sa ba a yinsa barkatai, sai bayan watanni, kuma ta baya ake harba hasken don a rage abin da ke kai wa ƙirjin yarinya. Ma'aunin da ya ɗora mata a tudu ma amfaninsa ke nan, yana rage yawan hoto.

Maman Hafsa, ki ce wa babanta, da girmamawa, girman da yake jira shi ne abin da ke tura karkatar. Sifilin nan da likita ya nuna miki, alamar Risser ake ce mata. Yarinya mai 29 da ke kan 4 ko 5 za a iya cewa a sa ido kawai, amma mai 29 a kan sifili, ba ta fara al'ada ba, ita ce ainihin wadda aka yi rigar dominta. Kuma kada a yi muku alƙawarin da ba haka ba: rigar ba ta mayar da baya ya miƙe sak, tare shi take yi kada ya kai ga wuƙa. An yi babban bincike a Amurka da Kanada, aka wallafa a 2013: cikin masu sa riga, 72 cikin 100 sun gama girma ba su kai digiri 50 ba, waɗanda aka sa wa ido kawai kuwa 48 cikin 100. Kuma gwargwadon awannin da aka sa ta, gwargwadon amfaninta. Rigar da ke rataye a ƙusa ba ta aiki.

Abu ɗaya kuma: in kun koma aka ce 31 ko 27, kada ki tashi hankalinki, kada kuma ki yi guɗa. Awon kansa yana iya saɓawa da kamar digiri 5 tsakanin hannu da hannu. Ki adana kowane hoto da kwanan watansa, kada ki naɗe, kada ki bar shi a rana.

Ɗan Nima, Ankara
In Baban Hafsa zai yarda, ƙanwata ta ce za ta kira su ta bidiyo, ta nuna wa Hafsa tabon aikinta daga wuya har kwankwaso, su yi hira irin tasu ta mata. Ni kuma in yi magana da shi namiji da namiji, in faɗa masa abin da filin nan ya kai yanzu.

Malam Sani, Aboabo
Zan same shi bayan Isha'i, sahu ɗaya muke tsayawa. Maganar ƙawaye ku bar mini ta makarantar allo. Ta boko kuma ga Ticha.

Ticha Mariya
Ba makarantarmu take ba, amma na san shugabarsu. Ni kam daren jiya na sa 'ya'yana uku sun yi mini ruku'u ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramar ta ce, Mama wace salla ce wannan ba alwala?

Magajiya, Yalwa
Har yanzu ina kan bakana cewa ba kowace magana ake bazawa ba. Amma ranar Asabar akwai taron mata a gidana kan bikin 'yar Hajiya. Sista, in kina da sarari ki zo ki nuna musu sunkuyon nan, ba sai an ambaci sunan kowa ba. Zan ajiye miki waina.

Maman Hafsa, Aboabo
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam, ka lallaɓa shi, ka san halinsa. An ba mu ranar Talata mu je a ɗauki awon jikinta na rigar. Anti Tela, na ga kina karantawa ba ki ce komai ba. Kayan Sallar nan fa? Kin riga kin yanka?

Anti Tela, Alabar
Ban yanka ba, tun ranar na naɗe atamfar na ajiye. Ki bari a ba ta rigar robar tukuna, ki kawo ta tana sanye da ita in sake awo a kai. Zan yi mata buɗaɗɗiyar doguwar riga mai tattara daga ƙirji, in ɗan cika kafaɗar hagu da soso, ba mai ganewa. Ki sayo mata singileti na auduga marasa ɗinki a gefe, kamar guda huɗu, na sawa a ciki saboda gumi. Yadi shidan ba zai isa har da ɗankwali ba, ki ƙaro biyu.